Shekara goma suna karatun Turanci, amma sai da waya muke ciniki

Alhaji_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in baje shi a faifai. Shekarata tara ina zuwa Sin saro kaya, Guangzhou da Yiwu, in harkar yadi ce kuma in leƙa Shaoxing. A tafiyata ta ƙarshe, yarinyar da ke tsaron shagon da nake ɗaukar leshi, wadda ba za ta wuce shekara 24 ba, na yi mata magana da ɗan Turancina na kasuwa. Ta yi murmushi, ta ɗauko waya ta kara mini a baki in yi magana a fassara mata. Farashi kuwa a kalkuleta muke bugawa kamar yadda aka saba. Na ɗauka ko A ba ta sani ba.

To da aka zo rubuta yarjejeniya, na rubuta adadin yadi da ranar loda kwantena, sai yarinyar nan ta karɓi biro ta ja layi a ƙasan kalmomi biyu, ta gyara mini rubutunsu, ta kuma ƙara wani harafin s da na manta. Ga hannu mai kyau kamar inji ne ya buga. Wallahi sai da kunya ta kama ni. Na tambaye ta ta cikin wayar, ta ce tun aji uku na firamare take karatun Turanci har ta gama kwaleji.

Yaya mutum zai shekara goma da ɗoriya a kan harshe, har ya iya yi wa wani gyaran rubutu, amma ya kasa buɗe baki ya ce "kuɗinsa kaza ne"? Kuma ni da ina cikin masu cewa Sinawa ba ruwansu da Turanci shi ya sa suka ci gaba. Ashe suna yi?

Sarkin_Gardama:
Alhaji, a kan 'yar gata ka faɗa. Sinawa da yarensu suke komai, sun shafa wa kansu lafiya. Mu ne aka bari da wahalar Turanci, yaro ya ci lissafi ya ci kimiyya, a hana shi jami'a don bai samu kiredit a Ingilishi ba.

Ɗan_Wuhan:
Wa alaikumus salam. Sarkin_Gardama, a nan ka yi kuskure. Shekarata biyar a can ina karatu. Ba 'yar gata ba ce, kusan kowane ɗan makaranta haka yake. Tun 2001 ma'aikatar iliminsu ta ba da umarni a fara Turanci daga aji uku na firamare, manyan birane irin Beijing da Shanghai ma da yawan makarantunsu daga aji ɗaya suke somawa.

Maganar kiredit kuwa, nasu ya fi namu zafi. Jarrabawar shiga jami'a, gaokao, maki 750 ne a yawancin larduna. Sinanci 150, lissafi 150, harshen waje 150. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan na makomar yaro. Kuma a 2024 mutum miliyan 13.42 ne suka yi rajista. In mutane suka kai haka, maki ɗaya tak yana iya sa dubbai su shiga gabanka. Kafin ita ma akwai zhongkao, wadda ake yi bayan shekara tara ta karatun dole, ita ke raba mai zuwa babbar sakandare da mai tafiya makarantar sana'a, nan ma Turanci yana ciki.

Sarkin_Gardama:
To in haka ne me ya hana su magana?

Ɗan_Wuhan:
Su da kansu sun raɗa wa abin suna, "yaba yingyu", wato Turancin bebe. Ba zagin bare ba ne, su suke faɗa suna dariya. Jarrabawar tana auna karatu da nahawu da cike gurbi da rubutu, sai ɗan sauraro. Magana da baki sai a wasu wurare kaɗan ake ba ta maki. Malami mai yara hamsin a aji, wanda da sakamakon ɗalibansa za a auna shi, ba zai ɓata minti arba'in yana hira da su ba.

Malama_Hadiza_KT:
Wannan batu ya taɓa ni, don shekarata sha huɗu ina koyar da Turanci a sakandare. Alhaji, abin da ka gani ba abin mamaki ba ne ga malami. Gane harshe daban, furta shi daban, kamar yadda sanin dokokin hanya bai sa mutum ya iya tuƙi. Yarinyar nan in ta fita daga aji, wa za ta yi Turanci da shi? Allon kan titi Sinanci, talabijin Sinanci, wayarta Sinanci, likita da ɗan sanda da alƙali duk Sinanci. Har lissafi da kimiyyar da ake koya mata da Sinanci ne. Turanci darasi ne guda cikin darussa.

Mu kuma akasin haka muke fama da shi. Yarana baki yana zuba, in an ba su takarda a ce su rubuta wasiƙa sai ka riƙe kai.

Ummi_Zango:
Malama kin faɗi gaskiya. Mu nan Kumasi yaro ko bai je makaranta ba zai tsinci Turancin titi. Rubutu ne dai sai a hankali.

Injiniya_Bature:
Na yi aiki da su shekara uku a wani aikin gini. Abin da ya fi ba ni dariya, babban injiniyanmu yana ba ni labarin matarsa sai ya yi ta cewa "he". Na ɗauka ɗan'uwansa yake nufi, sai da ya nuna mini hoto. Amma a miƙa masa littafin bayanin inji mai shafi ɗari uku, zai karance shi tas, ya nuna maka inda ka yi kuskure.

Ɗan_Wuhan:
Injiniya, wannan akwai dalilinsa. A Sinanci "shi" da "ita" duk "ta" ake furtawa, a rubuce ne kawai suka bambanta, kuma shi ma harafin na mace sai wajen 1920 ya fara yaɗuwa. Ka ga mu Hausawa nan mun huta, tun muna goye muke raba "ya zo" da "ta zo". Ni farkon zuwana in suka ce "ta" sai in riƙa neman mace a wurin.

Ba shi kaɗai ba. Aikatau a harshensu ba ya sauya siffa. "Ci" ɗin jiya da na yau da na gobe duk "chi" ne, sai dai a ƙara "jiya" ko wata 'yar kalma kamar "le" ta nuna an gama. To ka ce wa wannan yaro go, went, gone. Ba su da "a" da "the". Jam'in suna ba dole ba ne. Shi ya sa wancan s ɗin da ta gyara wa Alhaji, da bulalar maki aka dasa mata shi, ido ya saba farautarsa a takarda, amma in magana take yi ita ma za ta yar da shi.

Malama_Hadiza_KT:
Furuci fa? Na ji suna ƙara wasali a ƙarshen kalma.

Ɗan_Wuhan:
Sosai Malama. Gaɓar Sinanci da wasali take ƙarewa, ko n, ko ng, kuma ba sa jera baƙaƙe. Sai "and" ta koma "anda", "desk" ta koma "desika". Kar mu yi musu dariya, mu ne muka mayar da bread burodi, muka mayar da screwdriver sukundireba. Sannan th ta koma s, v ta koma w. Mutanen wasu lardunan kudu, kamar Hunan da Sichuan, n da l suke haɗawa, irin yadda p da f suke yi mana. Wuhan ma haka.

Wata dabarar yara kuma, rubuta furucin Turanci da haruffansu a gefen littafi. "Thank you" sai a rubuta "san ke you", wanda a Sinanci yake nufin giram uku na mai. "Ambulance" kuwa "an bu neng si", wato "ba zan mutu ba". Malamai suna hanawa, yara ba sa bari.

Ummi_Zango:
Ba zan mutu ba! Wallahi wannan ta dace da motar.

Baba_Hedimasta:
Yara, ku bar dariya ku ji. Ni na ga zamanin da ake rataya wa yaro ƙashi ko guntun katako a wuya in ya yi Hausa a harabar makaranta. Zalunci ne, ban ce a dawo da shi ba, amma mun buɗe baki dole. Abin da Malama ta faɗa shi ne magana: harshe in ba a tilasta maka amfani da shi ba, ba zai sauko daga ka zuwa baki ba. Sinawa ba abin da ya tilasta su, don ba wanda ya mulke su ya bar musu harshensa a kotu da ofis, in ka cire Hong Kong da Ingila ta riƙe har 1997, da Makawo ta Fotugal.

Kuma ku sani ba tun fil azal suke Turanci ba. A shekarun 1950 Rashanci ne a gaba, saboda amincinsu da Tarayyar Sobiyet. Da suka ɓata, a 1964 aka ɗora Turanci a matsayin harshen waje na farko. Sai juyin al'adu ya zo daga 1966 zuwa 1976, makarantu suka watse, sanin harshen waje ma ya zama abin jawo wa kai tuhuma. A 1977 aka dawo da gaokao, a 1978 kuma jagoran ƙasar, Deng Xiaoping, ya buɗe wa duniya ƙofa, shi ne fa aka shiga neman Turanci ido rufe. Siyasa ce take juya abin, in kiɗa ya sauya rawa ta sauya.

Sarkin_Gardama:
Allah ya ƙara girma Baba. Ai ka ƙarfafa maganata. Da yarensu suka ƙera jirgin ƙasa mai gudun tsiya, ba da Turanci ba.

Injiniya_Bature:
Da yarensu suka koya, da Turanci suka kwaso. Ka tambayi duk wanda ya yi digiri na biyu a can, takardun bincike da Turanci suke karantawa, da shi suke wallafawa in suna son duniya ta gani. A shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020 ɗaliban Sin sama da 370,000 ne a Amurka. Da Sinanci suka je? Turancin beben nan da ake rainawa shi ya yi musu aikin, don mai kwasar ilimi karatu yake buƙata, ba surutu ba.

Maman_Hanifa:
Ɗan_Wuhan don Allah ƙanena, yaran nan yaya suke yin karatun a zahiri? Ina da 'yar aji uku a ƙaramar sakandare, ko za mu samu abin ɗauka.

Ɗan_Wuhan:
Anti, bari in ba ki labarin 'yar maƙwabcinmu, mai shekara sha biyar, lokacin tana shirin zhongkao. Mahaifinta mai gyaran babur ne mai lantarki, shi ya roƙe ni in riƙa duba mata aiki ranar Lahadi, ladana kuwa abinci, har ya koyi inda ake sayen naman halal saboda ni.

Kafin bakwai da rabi na safe tana aji. Akwai abin da suke kira zaodu, karatun safe: kowa ya buɗe littafi ya ɗaga murya, yau Sinanci gobe Turanci. Ranar da na fara wucewa ta bayan makarantar na ji wannan guɗar, wallahi makarantar allon unguwarmu ta faɗo mini. Hadda ce zalla, har da rangajin. Tana da ɗan littafin kalmomi da take riƙewa a bas, da wani littafin daban da ba ta rubuta komai a ciki sai tambayoyin da ta faɗi, ta manna su da gam, ta rubuta gyaran da jan biro. Duk mako sai ta bi ta kansu. Wannan ɗin Anti ki ɗauka, yana aiki.

Ranar farko na ce mata "How are you?" Kafin in rufe baki ta harbo "I'm fine, thank you, and you?" kamar an danna maɓalli. Na ce to me kika ci da safe? Shiru. Fuska ta yi ja, ta sunkuyar da kai. Na rubuta tambayar a takarda, nan take ta rubuta amsa layi uku ba kuskure ko ɗaya. Sai da muka yi wata biyu kafin ta yarda ta yi kuskure a gabana. Abin da na fahimta, ba kalmomi ta rasa ba. Tsoron zubewar mutunci ne, su "fuska" suke ce masa. Shekara bakwai duk kuskure jan biro ne da ragin maki, to bakin ma sai ya ɗauka akwai jan biro a iska.

Masu shirin gaokao kuma kalmomi dubu uku zuwa dubu uku da ɗari biyar ake so su haddace. Akwai barkwancin da kowa ya sani: jerin kalmomin da "abandon" yake farawa, ma'anarta kuwa watsar da abu. Sai su ce ita kaɗai suka riƙe, don daga ita suke watsar da littafin.

Alhaji_Kwari:
To kyan hannun fa? Na rantse kamar bugun inji.

Ɗan_Wuhan:
Shi ma na jarrabawa ne, Alhaji. Takardun gaokao hotonsu ake ɗauka, masu maki a fuskar kwamfuta suke dubawa cikin gaggawa. Shi ya sa ake horar da yara wani salon rubutu mai zagaye, haruffa daidai wa daida, ana ce masa salon Hengshui, da sunan wata sakandare a lardin Hebei da ta yi suna wajen cin jarrabawa. Har littattafan kwaikwayonsa ake sayarwa.

Ranar jarrabawar Turanci kuwa, 8 ga Yuni da ƙarfe uku na yamma, 'yan sanda kan tare hanyoyin kusa da cibiyoyi, a hana hon, a tsayar da aikin gini, don kar ƙara ta hana yara jin sashen sauraro. Iyaye cirko-cirko a bakin ƙofa cikin rana.

Malama_Hadiza_KT:
Mu kuwa janareton maƙwabta ne yake raka namu.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ku 'yan Najeriya ba za ku gane yarinyar nan ba kamar mu. Mu a Nijar sai a kwaleji, wato ƙaramar sakandare, muke fara Ingilishi, bayan Faransanci ya riga ya zauna. Na yi shekara bakwai ina yi, ina cin maki mai kyau, na san duk sauye-sauyen aikatau a ka. Ranar da na fara zuwa Kano wani ɗan Kudu mai sayar da kayan mota a Sabon Gari ya yi mini magana, ko kalma ɗaya ban kama ba. Na mayar masa da Hausa, ashe ya fi ni iyawa. Harshen da sai a aji kake jinsa awa kaɗan a mako haka yake, ko a Beijing ko a Zinder.

Tsohon_Tica_GZ:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ni koyarwar na yi a can, a wata cibiyar darasin yamma, ba zan kama suna ba. Abin da ba a faɗa ba tukuna shi ne kuɗi. Iyaye sun san makaranta ba ta buɗe baki, shi ya sa masu hali suke kai yara cibiyoyi tun suna shekara huɗu. Kuma abin da suke saye fuska ce. An ce mini in iyaye suka tambaya in ce daga Amurka nake, aka raɗa mini wani suna. Wani farar fata daga gabashin Turai, wanda ni nake gyara masa tsarin darasi, ya fi ni albashi nesa ba kusa ba. Wata uwa ta leƙo ta taga ta gan ni, washegari ta sauya wa ɗanta aji. Yaran kam ba ruwansu, har yau wasu suna turo mini gaisuwa.

Sai ga Yulin 2021, gwamnati ta fito da dokar da suke kira shuangjian, rage biyu: rage aikin gida, rage darasin waje. Aka hana cin riba da koyar da darussan makaranta ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare, aka hana darasi a ƙarshen mako da lokacin hutu, aka hana ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje su koyar ta intanet. Cikin 'yan watanni kasuwar ta rushe. Ni ma a nan na tattaro nawa ya nawa.

Injiniya_Bature:
Na tuna wannan. New Oriental, babban kamfanin koyar da Turanci da Yu Minhong ya kafa a 1993, shi da bakinsa ya ce sun sallami ma'aikata 60,000 a shekarar. Daga baya malamansu suka koma tallan kayan gona kai tsaye ta intanet. A 2022 wani cikinsu, Dong Yuhui, ya yi suna, yana tallan shinkafa da nama yana rubuta Turancinsu a ɗan allo.

Sarkin_Gardama:
Yawwa! Kun gani ko? Su da kansu sun gane ɓata lokaci ne. Malamin Turanci ya koma sayar da shinkafa, me ya rage?

Tsohon_Tica_GZ:
Ba haka ba ne ɗan'uwa. Dokar ba Turanci kaɗai ta shafa ba, har lissafi da Sinanci. Damuwarsu tsadar rainon yaro, mutane sun ƙi haihuwa, a shekarar ne ma aka ba da izinin 'ya'ya uku. Kuma tsugune ba ta ƙare ba. Tunda maki 150 yana nan, mai kuɗi ya koma ɗaukar malami a ɓoye zuwa gida, da tsada fiye da da. Talaka ne ya rasa.

Ɗan_Wuhan:
Amma a ba Sarkin_Gardama haƙƙinsa, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. A Maris ɗin 2021 wani ɗan majalisar ba da shawara, Xu Jin, ya kawo shawarar a cire Turanci daga manyan darussa, hujjarsa mutane kaɗan ne suke amfani da shi a wurin aiki kuma na'ura tana fassara. A shekarar Shanghai ta hana jarrabawar ƙarshen zango ta Turanci a firamare. Manhajar 2022 ta ba harshen waje kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na lokacin aji, Sinanci kuwa 20 zuwa 22. A 2023 Jami'ar Xi'an Jiaotong ta ce ta daina ɗaura ba da digiri a kan jarrabawar Turanci ta ƙasa, wadda ake kira CET. Iska tana kaɗawa ta can ɗin. Gaokao ce dai ba a taɓa ba, kuma ita ce mai yanka.

Maman_Hanifa:
Yaran ƙauye fa? Ko su ma duk haka ne?

Tsohon_Tica_GZ:
Hajiya, a nan gizo yake saƙar. Yaron Shanghai da aka fara masa tun yana renon yara, yana kallon katun da Turanci, an kai shi hutu waje, takarda ɗaya ko kusan ɗaya zai rubuta da yaron ƙauyen da iyayensa suka tafi birni aikin masana'anta suka bar shi wurin kaka. A wasu makarantun ƙauye malamin da ke koyar da Turancin ma ba fanninsa ba ne. Lissafi yaro mai kai zai iya ƙwato shi da naci, harshe kuwa sai kunne ya sha. Masu cewa a rage makin Turanci, wannan ce hujjarsu mafi ƙarfi. Masu cewa a bari kuma suna cewa in an cire shi daga makarantar gwamnati, ɗan mai kuɗi zai ci gaba da koya, ɗan talaka ne zai rasa gaba ɗaya. Ni duka biyun ina ganin gaskiyarsu.

Wasu yaran ma guduwa suke zuwa Japananci, tunda doka ta yarda a zaɓi ɗaya cikin shida: Turanci, Rashanci, Japananci, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci. Japananci yana amfani da haruffan Sin da yawa, sai ya zo musu da sauƙi.

Baba_Hedimasta:
Malama Hadiza, ina so in koma kan maganarki ta farko, don an wuce ta da sauri. Kin ce Turanci a wurinsu darasi ne guda. To yaron da Turanci ya kayar a can, darasi guda ya faɗi, lissafinsa yana nan. Namu in Turanci ya kayar da shi ya tafi da komai. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyarwa da Yarabanci shekara shida a Ife tun 1970, yaran ba su gaza ba, har a Turancin.

Malama_Hadiza_KT:
Haka ne Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai su suna da littattafan kimiyya da harshensu tun daga firamare har digirin digirgir, da harshe ɗaya da gwamnati ta tsayar wa kowa. Mu wa zai rubuta, wa zai buga, kuma da wane harshe za a koyar a aji ɗaya a Jos ko Yola? Ba ƙi nake ba, tambaya nake.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan Sin. Maganar harshen uwa mun yi ta a wancan zaren har aka yi faɗa, kar a tayar.

Ummi_Zango:
To bari in dawo da mu. Wa ya ga abin da ya faru a Janairun 2025, da aka ce za a rufe TikTok a Amurka, Amurkawa suka yi ƙaura zuwa wata manhajar Sin, Xiaohongshu? Na ga yara suna ɗora hoton aikin gidansu na Turanci suna cewa a taimaka.

Ɗan_Wuhan:
Na gani Yaya Ummi, abin da ya fi taɓa ni ma maganar Li Hua ce. A jarrabawa kusan kullum tambayar rubutu takan ce: ka ɗauka kai ne Li Hua, rubuta wa abokinka na ƙasar waje wasiƙa, ka gayyace shi biki ko ka ba shi labarin garinku. Li Hua ba kowa ba ne, sunan aro ne don kar ɗalibi ya rubuta nasa. Miliyoyin yara sun shekara suna rubuta wa abokan da babu su, da jimlolin da suka haddace. To da Amurkawan suka ji labari sai suka fara ɗora amsa, "Ya Li Hua, wasiƙarka ta iso, ka yi haƙuri na daɗe ban amsa ba." Manya da 'ya'yansu suka riƙa rubuta cewa sun yi hawaye. Wani abokin karatuna ya ce mini wannan ne karon farko da ya ji Turancin da ya koya magana ce da ake yi da mutum.

Sarkin_Gardama:
Hawaye a kan wasiƙar ƙarya. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, nan da shekara goma waya za ta gama da wannan wahalar.

Injiniya_Bature:
Wayar da ta taɓa fassara mana "a kwance kusoshi" ta zama "a huta"? Ka je ka tsaya ƙarƙashin kireni da ita.

Ɗan_Damagaram:
Ku kuna mamakin ba sa Turanci, ni mamakina masu Hausarsu. Tun 1963 rediyon Sin yake watsa shiri da Hausa, kuma ana koyar da ita a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijing. Su waɗannan ai baki yana buɗewa, har da karin magana.

Malama_Hadiza_KT:
Saboda su kaɗan ne a aji, kuma sun san da ita za su ci abinci. Ka ba ni yara goma sha biyar maimakon tamanin ka ga aiki.

Alhaji_Kwari:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Jiya da daddare bayan na karanta bayanin Ɗan_Wuhan na ce bari in gwada. Na tura wa yarinyar saƙon murya ta WeChat da Turanci, a hankali, na ce ta amsa da murya kar ta rubuta, ni ma Turancina na kasuwa ne ba mai ba ta maki. Ta daɗe ba ta amsa ba. Can wajen asubarmu sai ga murya ta daƙiƙa shida, tana rawa, ta ce kaya sun shirya, ta gode. Bayanta kuma rubutu ya biyo, sakin layi guda cur, tana ba da haƙuri wai furucinta ba kyau. A ƙarshe ta ce akwai kalmar da nake yawan faɗa duk lokacin da ta tambayi ranar biyan ciko, ta duba ƙamus ba ta samu ba, wai "in sha Allah" ranar nawa ga wata ce.

Ummi_Zango:
Alhaji ka biya yarinya kuɗinta!

Tsohon_Tica_GZ:
Ka ci gaba da tura mata muryar, kar ka gyara mata komai tukuna.

Sarkin_Gardama:
Daƙiƙa shida bayan shekara goma sha uku. Ni ban ce komai ba. Alhaji nawa ka canji yuan a wannan tafiyar?